Shafin da Bai Iso Gaya Ba

Gaya,
Afrilu.

Zuwa ga ƙanina Ja'afar,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da Zuhra a can Malesiya. Mu nan lafiya ƙalau, sai zafi, ko tabarma ka taɓa da rana sai ta ƙona ka. Maigida yana gaishe ka, yara ma haka. Inna tana nan Gafasa. Ƙafar ce ba ta barinta ta kai ko bakin rijiya, amma bakin nan yana nan yadda ka san shi. Ranar Juma'a na tarar tana yi wa kaji faɗa kamar za su ba ta amsa.

Kada ka yi dariyar ganin takarda. Na gwada rubuta maka a waya, yatsana yana danna harafi biyu lokaci guda. Saƙon murya kuma yara suna kasa kunne, maganar ba ta kunnensu ba ce. Shi ya sa na rubuta da biro na ɗauki hoto. Kai ma haka nake so ka amsa mini, in ga ko rubutun nan naka mai kama da tafiyar kaza ya gyaru.

Ka san digirin da nake zuwa yi a Kano duk ƙarshen mako. Na shiga shekarar ƙarshe, saura aikin bincike. Abin da na zaɓa shi ne dalilin da ya sa matan yankinmu suke daina zuwa awo da zarar damina ta sauka. Babi na ɗaya ya wuce. Na biyu, inda ake kawo abin da masana suka riga suka rubuta, sau biyu malamar da ke duba aikina tana dawo mini da shi ja-wur da biro. Na ƙarshen ta ce, "Malama Hanne, kwafowa kika yi, ba karantawa ba." A gaban yara sa'o'in 'ya'yana ta faɗa. Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa.

Ta ba ni maƙaloli tuli guda, na buga su a shagon bakin tasha. Ina farawa daga kalmar farko, ƙamus a cinyata. Duk kalmar da ban sani ba sai na tsaya na duba. Kafin in kai shafi na uku na manta na ɗaya. Sai in koma farko. Wata maƙala guda na fi mako ina kanta, kuma yau in ka tambaye ni me ta ce, sai dai in kalle ka.

Idan babin nan bai wuce a wannan zangon ba, shekarun da makaranta ta ɗibar mini sun ƙare. A asibitinmu na Ajingi kuma an riga an ce shugabancin ɗakin haihuwa na mai digiri ne. Ba kujerar nake ji ba. Ɗakin nake ji, wanda na samu ba ko labule.

Ka tuna lokacin da nake rubuta maka baƙaƙe da gawayi a bayan faifan Inna, kana gogewa da hannun riga, Inna tana bin mu da muciya? To yau ga ni na zo gabanka. Ka koya mini yadda kuke karanta waɗannan abubuwa.

Yayarka,
Hanne.

*

Malesiya,
Mayu.

Yaya Hanne,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta ta, na ba Zuhra ita ma ta karanta inda ya kamata ta gani. Muna lafiya. Ki gaishe mini da Malam da yara. Ki ce wa Inna ina jin maganar ƙafar, ta daina zama a kan turmin nan mai sanyi da safe.

Nan kullum ruwa ake yi, har mutum ya daina ɗaga kai. Amma ruwansu ba ya ƙamshi. Jiya ina tsaye a bakin ɗakin gwaji, sai na tuna ruwan farko a Gafasa, yadda ƙasa take tashi da ƙamshi, Baffa ya fito da buhun gyaɗar iri a zuba a tsakar gida mu yi ta ɓarewa har babban yatsa ya yi ƙanta. Ke kina ɓarewa kina tambaya ta jadawalin sau, in na kuskure ki jefe ni da ɓawo. Wallahi sai da na ji yunwar gida ta kama ni a tsaye.

Faifan kuwa ban manta ba. Har yau in na rubuta harafin "g" irin naki nake yi, mai doguwar jela.

Abin da kika ba ni labari ya same ni, kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Shekarata ta farko a nan haka na yi. Ina zama da maƙala daga azahar har la'asar ta wuce, in tashi kaina fayau. Na rame, har Zuhra ta fara zaton ciwo ne. Ni kuma a lokacin ba ni da aikin komai sai karatun. Ke ga asibiti, ga gida, ga hanyar Kano duk mako a motar haya, ga Inna, ga shi jiki ba na da ba ne. Da na karanta cewa kin fi mako a kan takarda ɗaya, sai na ji tausayinki ya kama ni, don wahala ce kike sha wadda ba dole.

Zan faɗa miki gaskiyar da ni ba wanda ya faɗa mini da wuri, kuma ina roƙo ki karɓe ta ko da za ta yi miki banbaraƙwai. Yaya, ba sai kin gama ba.

*

Malesiya,
Yuni.

Yaya Hanne,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya. Shiru ya yi yawa. Na kira ba ki ɗauka ba, na sake kira haka. Na kira Malam ya ce lafiyarki ƙalau, aiki ne ya yi yawa, amma muryarsa ba ta kwanta mini ba. Ko jikin Inna ne kuke ɓoye mini? In shi ne, don Allah kada ku yi mini haka.

Ko kin gwada abin da na ce? Na san da wuya a karon farko, mutum yana jin kamar ya yi laifi. Amma ki daure ki yi. Za ki ji kamar an sauke miki kaya daga ka.

An yi shuka a gida? Ki ba ni labari.

Ƙaninki,
Ja'afar.

*

Gaya,
Yuli.

Ja'afar,

Wa alaikumus salam. Inna lafiyarta ƙalau, ba abin da ake ɓoye maka. An yi shuka, gero ya kai gwiwa, gyaɗa ta rufe ƙasa. Kowa yana gaishe ka.

Na ga takardunka duka biyun. Ta farkon ko sallama ba ka yi a ƙarshenta ba, ko sunanka ba ka sa ba. Ka faɗi maganarka ka ajiye biro. Ta biyun kuma kana tambaya ko na gwada. E, na gwada. Na daina zuwa Kano. Maƙalolin na zuba su a buhun shinkafa na tura ƙarƙashin gado. Malama ta aiko Surayya, wata 'yar ajinmu, ta tambayi lafiya, na ce a gaya mata ina nan. Kayan da ka ce za a sauke mini kuwa ban ji an sauke ba.

Na daɗe ina juya ko in rubuta abin da zan rubuta yanzu. Ba don ka ji nauyi zan faɗa ba, sai don ka san inda maganarka ta sauka.

Ina aji huɗu a makarantar kwana lokacin da aka haife ka. Saura shekara ɗaya in fita. Ran nan muna filin wanki aka ce ana sallama da ni a ofis. Na tarar da Baffa a tsaye, rigarsa duk taɓo. Ya ce Inna Hajara, ƙanwar Inna, ta rasu wajen haihuwarka, an kawo jaririn gidanmu. Inna kuma a shekarar nan ciwon ƙirji ya kwantar da ita, ko tulu ba ta iya ɗauka. Ya ce in haɗo akwatina. Na ce, "Baffa, jarrabawa fa?" Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ba sai kin gama ba, Hanne. Abin da kika samu ya isa."

Ban taɓa riƙe Baffa a zuciya ba, Allah Ya jiƙansa. Ba shi da wata hanya, kuma na ga yadda ya yi ta share ido a mota yana cewa ƙura ce, alhali damina ake. Kai kuwa, da na zo na ɗauke ka, ka kama yatsana, ban ƙara tunanin makaranta ba sai da ka fara tafiya. Ni na dama maka koko, ni na goya ka zuwa gona. Ba na nadama ko ta rana ɗaya. Sai bayan na yi aure na haifi uku sannan na zauna jarrabawar nan da yara ƙanana, na shiga makarantar koyon aikin lafiya. Kai kana firamare lokacin, ka ɗauka haka kowa yake yi.

Tun daga ranar nan ba wanda ya sake faɗa mini kalmomin nan biyar sai kai. Da wani ne da na yi dariya. Amma kai ka san karatu, ka ga irin takardun, ka san kaina. In kai ka duba ka ga ba zan iya ba, to wa zan yi wa gardama?

Kada ka damu. Zan ci gaba da aikina a ƙarƙashin duk wadda aka kawo. Ka gaishe da Zuhra.

Hanne.

*

Malesiya,
Yuli.

Yaya, Yaya, Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Don girman Allah ki karanta wannan har ƙarshe, ita kam sai kin gama.

Takardata ta farko shafi biyu ce. Da na karanta taki sai na koma wayata na duba. Hoton shafi na biyu yana nan da alamar bai tafi ba, tun watan Mayu. Ban lura ba. Maƙala nake nufi, Yaya! Ba sai kin gama kowace maƙala ba, abin da shafi na biyu ya fara da shi ke nan. Ni in ce ki bar karatu? Ni da kika yi wa bulala da tsintsiya don na ɓuya a rumbu ranar jarrabawa?

Maganar aji huɗu kuwa ban san ta ba. Wallahi ban sani ba. Na tashi na gan ki a gida, na ɗauka nan ne wurinki. Na zauna a bakin gado, har Zuhra ta karɓi wayar ta karanta, ita ma ta zauna. Ba ni da abin da zan ce da ya kai. Zan bar shi sai mun haɗu. Yanzu lokaci ne ba mu da shi, ki jawo buhun nan.

Kin tuna Inna a kasuwar Ajingi? Ba ta taɓa saye a zagayen farko. Sai ta bi layin hatsi, ta bi na mai, ta leƙa na 'yan daddawa, hannunta a baya, mu muna binta muna jin yunwa. Sai ta gama ganin komai sannan ta koma wurin mutum biyu ko uku. Kuma tun daga gida ta san abin da ya fito da ita. To haka za ki yi.

Kafin ki taɓa kowace takarda, ki rubuta tambayarki da Hausa a saman fallen takarda: me ke hana mata zuwa awo da damina? Ki ajiye a gabanki. Duk maƙalar da kika ɗauka, wannan tambayar kike yi mata.

Zagayen farko, ki karanta take, da ɗan taƙaitaccen bayanin nan na sama, sai ki tsallake can ƙarshe ki karanta kammalawa. Ki duba kanun sassa. Shi ke nan. In ba ta taɓa tambayarki ba, ki ajiye ta gefe, ba ki yi wa kowa laifi ba. Masu rubuta su ma ba su rubuta don a bi su daga farko zuwa ƙarshe kamar labari ba.

Waɗanda suka tsira, su za ki koma wa. Nan ma ƙamus ya zauna a rufe. Kalmar da ba ki sani ba ki ja mata layi ki wuce. In ta sake fitowa sau da yawa, to mai gida ce, ki duba ta ki rubuta ma'anarta da Hausa a gefe. In sau ɗaya ta fito, baƙuwa ce, ki bar ta ta wuce. Ki fi kula da jimlar farko ta kowane sakin layi, a nan suke ajiye maganar. Ki kuma sa ido a kan ƙananan kalmomin nan masu ma'anar "amma" da "sai dai" da "saboda haka". Duk inda marubuci ya ce amma, a nan ra'ayinsa na gaskiya yake fitowa. Jadawalin alƙaluma kada ya tsorata ki: ki karanta sunansa, ki ga mutum nawa aka tambaya, ki nemi babbar lamba da ƙaramar.

Sai abin da ya fi duka. In kin gama, ki kife takardar. Ki faɗa da bakinki, da Hausa: me suka tambaya, su wa suka tambaya kuma a ina, me suka samo, me ban yarda da shi ba. In kin kasa, ba ki gane ba tukuna, ki koma wurin da ya ɓace kawai. In kin iya, ki rubuta abin da kika faɗa, shi za ki mayar Turanci, ba jimlarsu ba. Kin ga kwafowa ta ƙare. Ya fi kyau ki sami mai sauraro. Ni Zuhra nake damu. Ke ga Inna nan.

Kuma ki yi da safe bayan asuba, kaɗan-kaɗan, ba bayan kin dawo daga Ajingi a gajiye ba.

Gobe ki kira Malama. Ki ce mata laifin wani sakaran ƙaninki ne. Wannan takardar shafi uku ce, ki ƙirga.

Ƙaninki har abada,
Ja'afar.

*

Gaya,
Agusta.

Ɗan ƙanina,

Wa alaikumus salam. Shafi uku sun iso, na ƙirga. Muna lafiya. Ruwa ake yi sosai, katangar bayan ɗakin Baffa ta zube, an kafa zana kafin rani. Inna ta ce a gaya maka turmin nata ne.

Da na karanta layin farko sai na yi ta dariya har hawaye, daga nan dariyar ta tafi ta bar hawayen. Maigida ya leƙo ya ce, "Yau kuma me Jafarun ya yi?" Na ce ba komai, waya ce ta raba mu. Ka yafe mini ni ma. Da na ɗauki kiranka sau ɗaya da duk wannan bai faru ba, amma ka san ni da zuciya.

Na je wurin Malama da kaina. Ta yi faɗa sosai, na sunkuyar da kai. Daga baya ta ce in kawo kafin ƙarshen Satumba, in ya wuce haka ba hannunta.

Na zazzage buhun a tabarma na yi zagayen Inna. Ja'afar, fiye da rabi ba ruwansu da tambayata! Har wadda na fi mako a kanta, ashe a kan asibitocin birni take magana, da kuɗin magani. Na ji kamar in mare ta. Sauran na kasa su kashi-kashi kamar mai tallar tumatir, ba bisa sunan marubuci ba, bisa abin da suka ce. Masu cewa hanya ce gefe guda. Masu cewa aikin gona ne gefe guda. Masu cewa izinin miji gefe guda. Wannan ba ka faɗa mini ba, ni na ƙirƙiro, kuma da na kalli kashin nan uku sai na ga babin nawa a shimfiɗe a tabarma.

Hannuna dai har yanzu yana kai wa ƙamus, sai na sa shi a saman kwaba inda sai na taka kujera.

Inna kuwa, ranar farko ina cikin bayani na ji minshari. Juma'a ta biyu na ɗauko wata da aka yi a ƙauyukan Habasha, na kife ta na fara. Ta ce, "Su Habashawan nan, a ƙafa suke zuwa ko suna da jaki?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "To me kika karanta?" Na buɗe na nema, ga shi kuwa sun faɗa, na tsallake wurin. Yanzu ita take jira na. Ina shiga za ta ce, "Yau mutanen wace ƙasa kika kawo mini?"

Akwai wata da ta ce yawancin mata ba su da matsalar hanya. Ta tsaya mini a wuya. Na koma sashen da suke faɗin yadda suka yi binciken, sai na ga matan da suka zo asibiti kawai suka tambaya. To wadda rafi ya tare ai ba ta wurin balle a tambaye ta. Na rubuta haka, ni da ban taɓa sanin ana iya ce wa takardar da aka buga "ban yarda ba". Surayya ta duba ta ce ai abin da Malama take nema ke nan.

Abu ɗaya ne ya dame ni. Makon jiya ina ba Inna labarin wata maƙala a kan matan da naƙuda take kamawa a hanya da damina. Ban kai rabi ba ta juya ta fuskanci bango. Na ce ko in bari? Har na tafi ba ta juyo ba. Ban yi tunani ba kafin in ɗauko wannan.

Yayarka,
Hanne.

*

Gaya,
Nuwamba.

Ja'afar,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da ɗan saƙon da na tura maka a tsaye ranar nan, ga cikakken labari. An tuge gyaɗa, ta yi kyau bana, tsakar gidan Gafasa ba wurin taka ƙafa.

Babin ya wuce a Satumba, gyara kaɗan. Makon jiya na tsaya gaban malamai na kare aikin. Duk maƙalar da suka ambata na san ta kamar maƙwabciya, na san abin da ta ce da inda muka saɓa. Da muka fito Malama ta dafa kafaɗata ta ce, "Yanzu kin karanta." Ɗakin haihuwa kuma ba a ce komai ba tukuna. Ko me aka yi, na gode wa Allah.

Amma ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba.

Na je Gafasa in gaya wa Inna. Na same ta a inuwar rumbu tana tsinkar gyaɗa. Ta yi hamdala, sai ta ce, "Takardar nan ta masu haihuwa a hanya. Haka aka yi da Hajara." Ka san tun da muke ba ta taɓa kiran sunan ba. Na zauna kusa da ita.

Ta ce ita tana nan a ranar, da ciwonta da komai ta sa aka kai ta, don ƙanwarta ce tilo. Rafi ya cika, mota ba ta shiga, sai aka sa ta a amalanken shanu za a zagaya zuwa Gaya. A hanya aka haife ka, ƙarƙashin wata tsamiya. Jini ne bai tsaya ba.

Daga nan sai ta bar maganar rasuwar ta shiga ba ni labarinta, har da dariya. Ta ce bahaguwa ce, an yi dukan hannun har an gaji, kamar yadda muka gaji da naka. Tana da wushirya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Ba ta taɓa tuƙa tuwo ba gudaji ba, har ta yi aure. Ɗanyar gyaɗa take so, wadda aka tuge yanzu da ƙasarta, tana ci ana yi mata faɗan ciwon ciki. Kuma tsoron kwaɗo take kamar me.

Na ce, "Inna, ta gan shi kuwa?" Ta ce ta gan ka sarai. An ɗora mata kai a ƙirji, ta daɗe tana kallon ka. Ana ɗan yayyafi a lokacin. Ta ce, "Yaya, ku rufe masa kai, kada ruwa ya taɓa shi." Inna ta cire ɗankwalinta ta rufe ka. Ta ce ita ce maganarta ta ƙarshe da aka ji sosai.

Na yi ta tunanin ko in bari sai ka dawo. Na ga ba ni da ikon riƙe maka wannan ko na kwana ɗaya.

Yayarka,
Hanne.

*

Malesiya,
Nuwamba.

Yaya Hanne,

Wa alaikumus salam. Barka, barka, Allah Ya sa albarka a cikinsa. Zuhra ta yi guɗa har maƙwabtanmu suka ƙwanƙwasa ƙofa suna tambaya ko lafiya. Ki gaishe da Malam, shi ma ya sha hanya da haƙuri.

Sauran takardar a motar makaranta na karanta ta. Na wuce inda zan sauka ban sani ba, sai da direba ya taɓa ni. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa mahaifiyata addu'a, amma in na rufe ido ba na ganin kowa. Ko hoto ba ta bari ba, ni kuma kunya ba ta bar ni na tambaya ba. Yau da na idar da salla na ɗaga hannu, sai na ga mace mai wushirya tana rufe baki. Ban san yadda zan gode miki ba, ke da Inna.

Na yi magana da malamina, ya ba ni hutu a ƙarshen Disamba. Zan sauka Kano, in kwana wurinku a Gaya, da safe mu wuce Gafasa tare. Kada ki gaya wa Inna ranar, za ta hana kanta barci.

Roƙo ɗaya nake da shi. Na san ki, yanzu da ta fara magana za ki so ki ji komai. Don Allah ki dakata. Ina da tambayoyi da yawa, wasu ma ban san ina da su ba sai yau. Wace waƙa take yi in tana daka? Ita ta zaɓa mini suna ko bayanta aka sa? Tsamiyar tana nan? Kada ki tambayar mini ko ɗaya. Ki bar mini su, ina so in zauna kusa da Inna in ji da kunnena.

Ƙaninki,
Ja'afar.